Mil ko Kilomita: Me Ya Sa Majalisar Amurka Ta Ƙi Wajabta Awon Mita?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2023 gwamnatin Amurka ta jingine ɗaya daga cikin ma'aunan tsawo biyu da take awo da su, waɗanda ake kira ƙafa. Tun 1959 ƙasar ke tafe da ƙafa iri biyu: wadda kafinta da tela suka sani, da wata ta masu awon ƙasa wadda ta ɗara ta da kashi 2 cikin miliyan, wadda ita ce aka jingine. A faɗin ɗaki ba mai lura da bambancin, amma a tsawon mil 100 ratar takan kai kusan ƙafa guda, abin da ya isa ya haddasa gardama kan iyakar fili. Hukumomin tarayya biyu ne suka yanke hukuncin, ta ma'auni da ta nazarin teku da yanayi, kuma ba a kai maganar zauren majalisa ba.

Wanda ya ji wannan zai iya tambaya: ƙasar da ta damu da ratar kashi 2 cikin miliyan, me ya hana ta bin sahun sauran duniya, ta koma mita da kilo da lita gaba ɗaya? Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne, a kan takarda kusan ta riga ta koma. Doka ta halatta awon mita a Amurka tun 1866, wata dokar kuma ta 1988 ta ce shi ne tsarin da ƙasar ta fifita a ciniki da kasuwanci. Duk da haka allunan hanya na nuna mil, ana sayar da fetur da galan, ana auna nama da laba. Fiye da shekara ɗari ke nan masu son sauyi suna kai gwauro suna kai mari a majalisar dokoki, ba su samu dokar da suke nema ba.

## Abubuwan da ya kamata a fara rarrabewa

Awon mita, wanda tun 1960 ake kiran sabon fasalinsa da SI, an gina shi a kan goma-goma. Milimita 10 santimita guda, santimita 100 mita guda, mita 1,000 kilomita guda. Haka nauyi: giram 1,000 kilo guda. Ruwa na daskarewa a digiri 0, yana tafasa a 100.

Awon gargajiya na Amurka gado ne daga Ingila, kuma kowane mataki da nasa lissafin. Inci 12 ƙafa guda, ƙafa 3 yadi guda, yadi 1,760 ko ƙafa 5,280 mil guda. Oza 16 laba guda. A ma'aunin zafi na Farenhait ruwa na daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Ko da Birtaniyar da aka gaje shi daga wurinta ma bai zo ɗaya ba: galan na Amurka lita 3.785 ne, na Birtaniya lita 4.546, domin Turawan Ingila sun sake fasalin nasu a 1824, bayan Amurka ta kama gabanta.

Sauyin kansa iri biyu ne, kuma rabin gardamar a nan take. Akwai sauyin rubutu, inda kaya ke nan yadda yake, lambar da ke jikinsa kawai ake juyawa: gwangwanin lemo mai oza 12 a rubuta masa mililita 355. Akwai kuma sauyin ƙira, inda ake sake girman kayan ya zama cikakkiyar lamba a awon mita, kamar robar lemo mai lita 2 da ta cika kantunan Amurka tun shekarun 1970. Na farko kuɗin tawada ne. Na biyu yana nufin sababbin injuna, sabon zubi, sababbin kayan aiki. Idan ɗan majalisa ya ce sauyi zai ci biliyoyi, na biyun yake nufi. Idan mai kamun ƙafa ya ce ba zai ci komai ba, na farkon yake nufi.

A ɓangaren doka ma matakai uku ne: halattawa, fifitawa, wajabtawa. Amurka ta taka biyun farko. Abin da ya gagara shi ne na ukun, wato a sa rana a ce daga yau awon mita kaɗai hukuma ta sani a hanya da kasuwa.

## Tsohon zance ne

Kundin tsarin mulkin Amurka ya bai wa majalisar dokoki ikon tsayar da ma'aunin awo da nauyi, a jimla ɗaya da ikon buga kuɗi. Na kuɗin ta yi amfani da shi da wuri: dokar 1792 ta raba dala zuwa santi 100, a lokacin da Ingila ke fama da fam da sule da kwabo. A 1790 Thomas Jefferson, sakataren harkokin wajen ƙasar a lokacin, ya gabatar da shawarar a yi wa awo irin wannan tsari na goma-goma, majalisa ta saurara, ba ta yi komai ba. Akwai ma labarin masanin Faransa Joseph Dombey, wanda aka turo da samfurin sabon ma'auni ya kai wa Jefferson. Guguwa ta karkatar da jirginsa, 'yan fashin teku suka kama shi, ya rasu a tsibirin Montserrat a 1794. Ana yawan kawo labarin a matsayin dalilin da ya sa Amurka ta rasa awon mita, amma majalisar da ta yi biris da Jefferson da wuya a ce samfurin tagulla zai motsa ta. A 1821 John Quincy Adams, shi ma sakataren harkokin waje a lokacin, ya rubuta dogon rahoto, ya yabi tsarin Faransa, sannan ya ba da shawarar kada a yi gaggawa, domin a lokacin Faransa kanta tana tangal-tangal da shi.

Dokar 1866, wadda ɗan majalisa John Kasson na jihar Iowa ya jagoranta, ta ce ba za a soke wata yarjejeniya ba don an rubuta ta da awon mita. A 1875 Amurka na cikin ƙasashe 17 da suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris. A 1893 kuma wani jami'in gwamnati, Thomas Mendenhall, ya fitar da umarnin cewa daga mita da kilo za a riƙa fitar da tsawon yadi da nauyin laba. Yarjejeniyar 1959 tsakanin ƙasashe masu magana da Ingilishi ta kammala aikin: inci guda milimita 25.4 ne cif, laba guda kilo 0.45359237. Ma'ana, incin da Ba'amurke ke taƙama da shi ba shi da wani tushe a yau sai mita.

A 1896 saura ƙiris a wuce gaba. Majalisar wakilai ta amince da wani ƙudiri na sa hukumomin gwamnati su koma awon mita, sai aka nemi a sake duba ƙuri'ar, aka mayar da shi kwamiti, can ya kwanta. Daga nan ɓangarorin biyu suka ja daga. Masana kimiyya da malamai da masu harhaɗa magunguna suka tsaya a gefe guda, har Alexander Graham Bell, wanda aka sani da ƙirƙiro wayar tarho, ya je gaban kwamitin majalisa a 1906 ya goyi bayan sauyi. A 1916 aka kafa ƙungiyar masu goyon bayan awon mita, wadda a yau ake kira US Metric Association. A ɗaya gefen akwai masu masana'antun ƙera injuna da na saƙa, da injiniya Frederick Halsey a matsayin bakinsu, suna cewa an riga an zuba dukiya a injuna da kusoshi na inci, ba mai iya tumɓuke su da doka. Masu masana'antu suka fi ƙarfin faɗa a ji, ƙudirori suka yi ta mutuwa a kwamiti.

## 1975: dokar da ba ta da haƙori

Dama mafi girma ta zo bayan Birtaniya ta sanar a 1965 cewa za ta koma awon mita, Kanada da Ostireliya suka biyo baya. Amurka ta ga abokan cinikinta na watsewa. Da ƙoƙarin 'yan majalisa irin su Sanata Claiborne Pell, aka yi dokar 1968 da ta ba da umarnin nazari na shekara uku. Rahoton ya fito a 1971, ya ce a sauya bisa tsari cikin shekara goma.

Sai aka shiga ciniki. Ƙungiyoyin ƙwadago suka tambayi wanda zai biya wa makanike da kafinta kuɗin sababbin kayan aiki, tunda da yawansu da aljihunsu suke saye, da kuma makomar tsofaffin ma'aikata idan aka ce sai sun koma aji. Ƙananan 'yan kasuwa suka nemi rance da tallafi. Masu tsuke bakin aljihun gwamnati suka ce ba za a biya kowa ba. Kowane ɓangare aka ba shi haƙuri ta hanyar cire wani abu daga ƙudirin, har abin da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a Disambar 1975 ya fito babu wa'adi, babu tilas, babu hukunci. Dokar ta kafa hukuma mai mutum 17 don daidaita sauyi na ganin dama. Ba a ma tabbatar da mambobinta ba sai 1978, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke ganin aikinsu shi ne tura sauyi, akwai masu ganin aikinsu tsayawa tsakiya ne kawai.

Kafin hukumar ta zauna da gindinta, an riga an yi ɓarin da ba ya kwasuwa. A 1977 hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ta fito da shirin mayar da allunan hanya kilomita. Dubban wasiƙu suka kwararo, kusan duka na adawa, 'yan majalisa irin su Charles Grassley na Iowa suka ɗaga murya, aka janye shirin cikin 'yan watanni. Wajen 1979, da farashin galan ya haura dala ɗaya, tsofaffin famfunan gidajen mai ba sa iya nuna lambar, sai wasu gidajen suka koma sayarwa da lita. Direbobi da dama suka haɗu da lita a karon farko a daidai lokacin da mai ya yi tsada, suka ɗauka dabara ce ta ɓoye ƙari. Hukumar daidaita sauyin ta shaida wa majalisa cewa ba ta da cikakken hurumi, gwamnatin Ronald Reagan kuma ta rufe ta a 1982 cikin shirin rage kashe kuɗi. Abin da ya rage na wancan zamani a fili shi ne babbar hanya mai lamba 19 a jihar Arizona, daga Tucson zuwa Nogales a kan iyakar Meksiko, mai tsawon kimanin kilomita 100, wadda aka yi wa allunan nisa da kilomita.

Zagaye na biyu ya zo ta ƙofar ciniki. A 1988, ana tsoron gogayyar Japan da Turai, aka cusa batun cikin wata babbar dokar kasuwanci, aka umarci hukumomin tarayya su koma awon mita a sayayya da kwangila kafin ƙarshen shekarar kuɗi ta 1992, sai dai inda hakan ba zai yiwu ba ko zai jawo asara. Wannan togaciya ta zama babbar ƙofa. Shugaba George Bush na farko ya ƙarfafa dokar da umarni a 1991, kuma daga 1994 aka wajabta rubuta awo biyu a jikin yawancin kayan masarufi. Amma majalisa da kanta ta riƙa ja da baya: a 1995 ta hana tilasta wa jihohi sauya allunan hanya, a 1996 ta sassauta wa masu yin bulo da fitilun gini, a 1998 ta cire wa'adin da aka ba jihohi na zana hanyoyi da awon mita. Jihohin da suka riga suka kashe kuɗi suka sauya, yawancinsu suka sake kashe wani kuɗin suka koma inci.

## Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu neman sauyi hujjarsu ta farko ciniki ce: kamfanin da ke sayarwa a gida da waje yana ɗaukar nauyin kaya iri biyu, takardu iri biyu, ma'ajiya iri biyu. Ta biyu ilimi: yaro na ɓata lokaci yana koyon tsari biyu da juya ɗaya zuwa ɗaya. Ta uku, wadda ta fi kama jiki, kuskure. A Satumbar 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, wanda ƙera shi ya ci kimanin dala miliyan 125, saboda manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana fitar da lissafi da laba, ta hukumar kuma tana karanta shi a matsayin awon mita. A asibiti abin ya fi kusa da kowa. Ana lissafa maganin yara da kilo, iyaye kuwa laba suka sani. Idan aka rubuta laba a gurbin kilo, yaro zai sha fiye da ninki biyu. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, rikita su ninki uku ne. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a riƙa rubuta maganin ruwa da mililita kaɗai.

Masu adawa ba duka ne masu ƙin sabon abu ba, ko da yake akwai masu kallon awon mita a matsayin baƙon abu da ake son ɗora wa ƙasa. Hujjarsu mai nauyi ita ce abin da aka riga aka gina. Tun dokar 1785 aka yanka yawancin ƙasar Amurka murabba'i-murabba'i, kowane murabba'in mil guda eka 640, kuma takardun mallaka da hanyoyin karkara a kan wannan layi suke. Gidaje an gina su da falanki mai ƙafa 4 da ƙafa 8, da ginshiƙai a tazarar inci 16. Bututun ruwa da kusoshi na miliyoyin gidaje za su buƙaci kayan gyara na inci har tsawon rayuwar jikoki. Suna kuma cewa 12 ta fi 10 daɗin rabo ga mai aikin hannu, tunda tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida.

Ko batun kuskure ma suna juya shi. A Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai a sama, saboda an lissafa man da laba maimakon kilo a daidai lokacin da kamfanin ke sauya tsari. Matuƙan suka lallaɓa suka sauke shi a tsohon filin jirgin soja na Gimli, ba a rasa rai ba. Mai neman sauyi zai ce ga illar tsari biyu. Mai adawa zai ce ga illar lokacin sauyi. Dukansu suna da gaskiya, bambancin shi ne haɗarin sauyi na ɗan lokaci ne, na zama da tsari biyu kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

## Lissafin ɗan majalisa

A nan gizo ke saƙar. Ɗan majalisar wakilai, ɗaya daga cikin 435, kowace shekara biyu yake komawa gaban masu zaɓe. Idan ya goyi bayan wajabta awon mita, wahalar za ta zo nan take, kuma tana da fuska: mai garejin da zai sayi sababbin sifanu, gwamnan da zai canja alluna, dattijon da ya kasa gane hasashen yanayi. Amfanin kuwa zai zo a hankali, a warwatse, ɗan kaɗan ga kowa, kuma ba wanda zai zo ya yi masa godiya don kuskuren da bai faru ba. Wanda zai yi asara ya san kansa, zai buga waya, zai rubuta wasiƙa. Wanda zai amfana sau da yawa yana firamare. A majalisar dattawa kuma, mai kujeru 100, duk ƙudirin da ke da gardama sai ya samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma ba a cika faɗarsa ba: waɗanda suka fi buƙatar sauyi sun riga sun yi abinsu. Kamfanin General Motors ya fara komawa awon mita tun shekarun 1970, sauran masu ƙera motoci da manyan injuna suka bi. Magunguna da miligiram ake yin su. Sojoji da kilomita da milimita suke aiki, saboda haɗin gwiwa da ƙawayensu na NATO. Bayanin sinadaran abinci da giram yake. Tunda doka ta halatta, babban kamfani ba ya buƙatar majalisa, ba shi kuwa da dalilin kashe kuɗin kamun ƙafa don a sauya allon hanya. Sai aka bar fagen ga malamai da injiniyoyi da 'yan sa-kai, masu hujja amma marasa kuɗi da ƙuri'u. Halattawar 1866, wadda ta zama nasarar farko, ita ce ta zare wa yunƙurin wajabtawa laka.

Matsin lamba daga waje ma ya sassauta. Tarayyar Turai ta daɗe tana sa wa'adin hana shigo da kaya masu ɗauke da awo biyu, tana ɗagawa, har a 2009 ta bar abin ba wa'adi. Girman kasuwar Amurka ya sa masu sayar mata ne ke bin ta.

Ga kuma matsalar wa zai fara. Kamar kasuwar hatsi ce da aka ce a bar mudu a koma sikeli: wanda ya fara shi kaɗai zai rasa masu saye, sai dai sarkin kasuwa ya sa rana kowa ya sauya tare. Sauyi na ganin dama yana aiki a cikin masana'anta, inda shugaba ɗaya ke ba da umarni. Ba ya aiki a kan titi.

Siyasa ta nuna hakan a fili. A 2013 kusan mutum 50,000 suka sa hannu a takardar koke ga fadar White House. Amsar da shugaban hukumar ma'auni ya bayar ita ce, zaɓi na hannun kowa, mai so ya yi amfani da shi. A 2015 Lincoln Chafee, tsohon sanata kuma tsohon gwamnan Rhode Island, ya sa batun cikin jawabinsa na neman takarar shugaban ƙasa, ya zama abin barkwanci a talabijin, ya janye bayan 'yan watanni. Sauran 'yan siyasa sun gani.

## Yadda wasu suka yi

Ostireliya ce misalin da masu neman sauyi suka fi so. Ta yi doka a 1970, ta bi fanni-fanni da ranaku sanannu, ta sauya allunan hanya a Yulin 1974, ta kuma tsaya a kan cewa kowa ya ɗauki nauyin nasa kuɗin. Indiya ta yi dokarta a 1956, ta ba da 'yan shekaru na shiri. Kanada ta sauya hasashen yanayi a 1975, hanyoyi a 1977, sannan sabuwar gwamnati ta rushe hukumar sauyin a 1985, aka tsaya a tsakiya: nisa da kilomita, tsayin mutum da ƙafa. Birtaniya har yau mil ne a hanyoyinta.

Najeriya ta yi nata sauyin a shekarun 1970, zamanin da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973. Mulkin soja ne, ba majalisar da za a yi wa kamun ƙafa. Nijar kuwa daga Faransa ta gaji tsarin. Amma fetur da lita da hanya da kilomita ba su kori mudu da tiya daga kasuwa ba. Ana yankan shadda da yadi, ana buga bulo mai inci 9 da mai inci 6, ana sayar da fili ƙafa 50 da ƙafa 100. Wannan ya nuna cewa zancen da ake yawan yi, wai Amurka da Laberiya da Miyanma ne kaɗai ba su koma awon mita ba, ya taƙaita abin da yawa. Kusan ko'ina gauraye ake yi. Abin da ya bambanta ƙasashe shi ne inda hukuma ta ja layi.

## Abin da ake nema yanzu, da wanda zai shafa

Ganin babbar doka ta gagara, masu kamun ƙafa sun rage buri. Babbar buƙatarsu ita ce a gyara dokar lakabin kaya ta tarayya, a bar kamfanin da ya ga dama ya rubuta awon mita kaɗai. Kusan duka jihohi sun riga sun yarda da haka a kayan da ke ƙarƙashin ikonsu, amma gyaran na tarayya ya maƙale, masu manyan kantunan abinci na cewa zai rikita kwatanta farashi, ya kuma kawo sababbin girman kwalaye da kantocinsu ba su dace da su ba. Sauran buƙatun sun haɗa da mililita da kilo kaɗai a asibitoci, fara koyar da awon mita da wuri, da sa hukumomi su bi dokar 1988 da ke nan a rubuce. An gwada ta jihohi ma, a Hawaii a 2013 da Oregon a 2015, ƙudirorin ba su kai labari ba. Salon maganar ya sauya: an daina cewa duniya ta wuce mu, an koma cewa a ba 'yan kasuwa zaɓi, a kare lafiyar yara, domin waɗannan ne ɗan majalisa na kowace jam'iyya zai iya maimaitawa a mazaɓarsa.

Idan gyaran lakabi ya wuce, Ba'amurke mai sayayya ba zai ga bambanci a rana ɗaya ba. Kayan waje za su fi sauƙin shigowa, ƙananan kamfanoni masu fitar da kaya za su huta da buga lakabi biyu. Abin da za a sa wa ido shi ne rage kaya a ɓoye, a mayar da laba guda mai giram 454 ta koma giram 450 ko 400 a kan tsohon farashi. Idan kuwa wata rana aka wajabta gaba ɗaya, nauyin farko zai faɗa kan jihohi da ƙananan hukumomi masu alluna, da masu sana'ar hannu, da tsofaffi.

Mu ma nan abin yana taɓa mu, ko ba mu taka Amurka ba. Motar da aka shigo da ita daga can, idan allurarta ta nuna mil 60, gudun kusan kilomita 97 ake yi a awa, idan kuma ta nuna ta yi tafiyar mil 100,000, kilomita kusan 161,000 ke nan, abin da ya kamata mai saye ya sani kafin a yi ciniki. Makanike ya san sifana mai lamba 13 ba ta zama daidai a kan noti mai rabin inci, wanda milimita 12.7 ne, da sannu take cinye masa kai. Gangar ɗanyen mai da kasafin kuɗin Najeriya ke dogara da farashinta galan 42 ce ta Amurka, kimanin lita 159. Kwantena ƙafa 20 ce ko 40, allon waya da talabijin da inci ake faɗarsu, takardar da aka tsara a kan girman Amurka, inci 8.5 da 11, takan fito a karkace idan aka buga ta a kan A4. Na'urar auna zafin jiki da aka aiko daga can, idan ta nuna 100.4, digiri 38 ke nan a ma'aunin da asibitocinmu ke amfani da shi, wato zazzaɓi ya fara. Maganin ruwa na yara da ya zo da cokali ko kofi mai awon Amurka kuwa, gara a kai wa ma'aikacin lafiya ya juya shi zuwa mililita bisa nauyin yaron da kilo kafin a ba shi.